Azumin da Ke Tuhumar Mai Azumi: Tarken Karatun Ranar Kaffara daga Sabon Garin Kano

Gabatarwa

A ranar da Yahudawa suka fi girmamawa cikin shekara, wato Yom Kippur, jama'a kan kwana su wayi gari ba ci ba sha. Hantsi na ɗagawa, yunwa ta fara taɓa kowa, sai mai karatu ya miƙe ya karanta musu wani nassi da ke cewa wahalar da suke sha tana iya tashi a banza. Da la'asar kuma, ƙishirwa ta kai intaha, a karanta musu labarin annabin da ransa ya ɓaci don an yafe wa wani gari. Nassi na farko sura ta 58 ce ta Littafin Ishaya, na biyu kuwa Littafin Yunusa ne baki ɗayansa. Wannan maƙala za ta feɗe su ta fuskar jigo da zubi da salo, ta kuma auna hikimar ajiye su a tsakiyar azumi. Aikin na adabi ne, hukuncin aƙida yana hannun masu shi.

An zaɓi a yi karatun daga Sabon Garin Kano domin a nan ne waɗannan nassosi ke da masu saurare. Unguwar ta kafu jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, aka zaunar da baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa a wajen ganuwa, kafaɗa da kafaɗa da Fagge. Yahudawan da suka taɓa zama a Kano ɗaiɗaiku ne, irin su Saul Raccah, mutumin Tarabulus da ya yi suna a cinikin gyaɗa zamanin Turawa. Littattafansu kuwa sun shigo ta ƙofar coci, musamman bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi fice a cikinsa. Har yau cocin Katolika na karanta Ishaya 58 a Juma'ar da ke bin Larabar Toka, da sura ta uku ta Yunusa a mako na farko na azumin kwana arba'in. A 2025 Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga wata, aka wayi gari mai shago da maƙwabcinsa a layi ɗaya kowa na azumi irin nasa.

Ranar da kalmominta

Yom Kippur na faɗowa ranar goma ga watan Tishri. Ana kama baki tun kafin faɗuwar rana, ba a sha ruwa sai duhun kashegari ya shiga, kimanin awa 25 ke nan. Mishna, littafin dokokin da malaman Yahudawa suka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta lissafa abubuwan da ake ƙaurace wa: ci da sha, wanka, shafa mai, sa takalmi da kusantar iyali. Ta kuma yi umarni a ciyar da majiyyaci da mai juna biyu in akwai fargabar halaka. A zamanin Haikalin Ƙudus ibadar ranar ta rataya ne a wuyan babban limami, wanda kan yanka bunsuru ɗaya ya kora ɗaya daji ɗauke da laifin jama'a. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, yanka ya ƙare, sai nauyin ranar ya koma kan azumi da addu'a da karatu. Shi ya sa zaɓin abin karantawa ya zama babban al'amari, kuma Talmud, a babin Megilla, ta ambaci waɗannan nassosi biyu.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, ko da bai sani ba. Kalmar azumi ta samo asali daga sawm ta Larabci, ƙanwar tsom ta Ibrananci. Kippur da kaffara saiwarsu ɗaya, don haka masu fassara ba su sha wuya ba wajen kiran ranar da Ranar Kafara. Hadisi ya tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina na azumin Ashura don tunawa da kuɓutar Annabi Musa (AS) daga Fir'auna, ya azumce ta, kafin a wajabta Ramadan a shekara ta biyu bayan Hijira. Masana tarihi da dama na danganta wannan rana da Yom Kippur saboda dukansu goma ga wata ne, ko da yake dalilin da hadisin ya bayar dabam yake da na Attaura. Abin sha'awa kuma, Yahudawa na ɗaukar cin abinci sosai a jajibirin ranar a matsayin ibada, Hausawa kuwa suka raɗa wa Muharram suna watan cika-ciki.

Ishaya 58: shari'ar da ta juye

Surar baiti 14 ce, kuma manazarta da yawa, tun daga Bernhard Duhm a 1892, na ganin ta fito ne daga zamanin da Yahudawa suka komo daga bauta a Babila suka tarar da birninsu kango. An zuba ta kamar zaman shari'a. Da farko an umarci annabi ya ɗaga murya kamar ƙaho. Sai a gabatar da jama'a da siffar da kowa zai yi sha'awa: masu neman Ubangiji kullum, masu ƙishin sanin hanyarsa. Daga nan a ba su dama su kai ƙara, su ce sun yi azumi ba a duba ba, sun wahalar da kansu ba a kula ba. Mai ƙara a nan mutum ne, wanda ake ƙara kuwa Mahalicci.

Ƙarfin surar yana cikin yadda ta juyar da kujerun kotun. Amsa na zuwa, sai mai ƙara ya tsinci kansa a mazaunin wanda ake tuhuma. Shaidar da aka kawo a kansa ba ta shafi ko ya kurɓi ruwa a ɓoye ba. An ce a ranar azumin ma harkar gabansa yake yi, yana matsa wa ma'aikatansa, yana husuma har da naushi. Yabon da aka buɗe da shi ashe gugar zana ce, mai sauraro ba ya ganewa sai ya riga ya gyaɗa kai ya yarda cewa da shi ake. Wannan dabara ta fi zagi kai tsaye ciwo, domin mutum da ƙafarsa ya shiga tarkon.

Kamancen da surar ta zaɓa wa mai azumin riya ya cancanci a tsaya a kansa. An kwatanta sunkuyar da kansa da lanƙwasar iwa a bakin ruwa. Iwa ba don ladabi take rusunawa ba, iska ce ke tura ta, iskar na wucewa ta miƙe yadda take. A cikin hoto ɗaya an nuna ƙanƙan da kai na wuni guda, wanda ba ya barin alama a hali. Bayan haka sai baitoci su sauya tafiya, aikatau su riƙa bin juna: kwance ɗauri, cire karkiya, sakin wanda aka danne, gutsura wa mayunwaci abinci, shigar da marar masauki gida, suturta huntu, da daina ɓuya wa ɗan'uwa. Kowane layi na maimaita na gabansa da ƙarin nauyi, salon da Robert Lowth ya bayyana a waƙar Ibrananci a 1753, wanda ɗalibin waƙar Hausa zai gane da jerin sarƙe. Azumi a al'ada jerin hani ne, kada ka ci, kada ka sha. Waƙar ta ɗauki sunan ta ɗora shi a kan jerin umarni.

Akwai wata kalma da ke riƙe da ginin duka, wato nefesh, 'yar'uwar nafs ta Larabci, mai nufin rai da maƙogwaro da sha'awa lokaci guda. Dokar Littafin Firistoci ba ta ma ambaci azumi da sunansa ba, cewa ta yi a ƙasƙantar da nefesh. Masu ƙara a Ishaya da wannan lafazi suka yi tinƙaho. Can gaba sai waƙar ta dawo da kalmar a wani matsayi: mai azumi ya miƙa nasa nefesh ga mai jin yunwa, ya ƙosar da nefesh ɗin da ke cikin ƙunci, sannan Ubangiji ya ƙosar da nasa a lokacin fari. Ma'anar ta bayyana. Akwai wanda ya zaɓi yunwa na wuni ɗaya, akwai wanda yunwa ta zaɓe shi shekara da shekaru, kuma yunwar na farko ba ta da daraja sai ta kai shi ƙofar na biyu. Fassara kowace iri kan wahala a nan, domin Hausa kan raba wannan kalma ɗaya zuwa rai da kai da zuciya, zaren da ya ɗinke baitocin ya ɓace wa mai karatu.

Ƙahon da aka buɗe surar da shi ma ba ado ba ne. Littafin Firistoci, sura ta 25, ya ce a Ranar Kaffara ake busa ƙahon shelar shekara ta hamsin, wadda a cikinta bawa ke komawa gida, gonar da aka sayar don talauci ta koma hannun masu ita. Mawaƙin yana tuna wa jama'a cewa tun asali ranar yafe zunubi ita ce ranar sakin wuyan talaka.

Inda surar ta yi rauni shi ne rabinta na biyu. Alkawura sun yi yawa: haske kamar ketowar alfijir, waraka da gaggawa, lambu mai ruwa, maɓuɓɓugar da ba ta ƙafewa. Zubin in ka yi kaza za ka sami kaza na iya mayar da mai sauraro kan cinikin da aka fara tsawata masa a kai, ya bar sayen lada da yunwa ya koma sayensa da sadaka. Abin da ya ceci waƙar shi ne ladan ƙarshe da ta ambata, inda aka yi wa mai biyayya albishir da laƙabin mai toshe tsagar ganuwa, mai gyara unguwa ta zaunu. Wannan lada aiki ne, kuma amfaninsa na gari ne gaba ɗaya.

Yunusa: tuban baƙi da fushin na gida

Littafin Yunusa gajere ne, sura huɗu, aya 48, kuma zube ne in ban da addu'ar cikin kifi. Musulmi ya san ƙashin bayan labarin daga Alƙur'ani, a surorin Yunus da Anbiya da Saffat, har da tsiron da ya yi masa inuwa da yawan mutanen garin da ya kai dubu ɗari ko fiye. Sai dai marubucin Ibrananci ya zana annabin da taurin kai da fushi ta hanyar da mai karatu Musulmi zai ji nauyinta, saboda matsayin annabawa a aƙidarsa. Mai tarke na iya lura da wannan bambanci, ya kuma tambayi aikin da zanen ke yi a cikin labarin.

Marubucin ya gina rabin farko a kan gangara. An ce wa Yunusa ya tashi zuwa Nineba, sai ya gangara Yafa, ya gangara cikin jirgi, ya gangara can ƙasan jirgin ya kwanta, daga bisani ya nutse har gindin duwatsun teku. Kalmar sauka ɗaya ce ke ta dawowa, gudun umarni ya zama faɗawa rami mataki-mataki. A kowane mataki kuma baƙi ne ke yin abin da ya kamata shi ya yi. Matuƙan jirgi, masu bautar gumaka, su ne ke addu'a yana barci, su ne kuma ke ta fama da tuƙi don kada su jefa shi ruwa.

Azumin yana sura ta uku. Wa'azin Yunusa kalma biyar ne kacal a Ibrananci, babu lallashi, babu alkawarin gafara. Amma gari ya girgiza. Sarki ya sauka daga gadonsa ya zauna cikin toka, aka yi shela cewa mutum da dabba kada wanda ya ɗanɗana komai, har shanu da tumaki aka lulluɓe da tsummokin makoki. Wannan hoto yana da ban dariya, kuma da gangan ne. In yunwa da tsumma su ne tuba, to saniya ma ta tuba. Abin da ya raba mutum da dabba a shelar sarkin shi ne sashenta na ƙarshe, inda aka ce kowa ya bar zaluncin da ke hannunsa. Malaman Mishna sun kama wannan zare, suka lura cewa nassin bai ce Allah ya dubi tsummansu ko azuminsu ba, ayyukansu ya duba. Nan ne karatun la'asar ya haɗu da na hantsi.

Za a iya cewa tuban Nineba ya yi sauri ƙwarai, garin ba shi da fuska, babu mutum ɗaya a cikinsa da muka ji zuciyarsa. Gaskiya ne, kuma rashi ne ga mai neman labari mai zurfin taurari. Amma marubucin bai damu da Nineba ba kamar yadda ya damu da mai kallonta. Nineba babban birnin Assuriya ce, daular da ta rushe masarautar Isra'ila ta arewa a 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mai sauraro na farko ya san wannan sarai. An sa shi ya ji cewa maƙiyinsa ya yi azumi an karɓa, sannan a nuna masa kansa cikin mutumin da ya kafa rumfa a gabashin gari yana jiran ya ga wuta ta sauka. Tsiro ya yi masa inuwa ya yi murna, tsutsa ta cinye shi ya nemi mutuwa. Littafin ya rufe da tambaya: wanda ya ji zafin tsiron dare ɗaya, yaya zai hana a ji tausayin mutum fiye da dubu 120 da dabbobinsu? Ba a rubuta amsar Yunusa ba. An bar gurbin ga wanda ke tsaye da busasshen maƙogwaro yana roƙa wa kansa gafara.

Abin da Sabon Gari ke ji

Duk wanda ya san Kano ya san cewa kowane ɓangare na da Ninebarsa. Na cikin birni kan hangi Sabon Gari a matsayin unguwar mashaya da otal, na Sabon Gari kan hangi birni a matsayin inda tarzoma ke fitowa, kuma kowa na da ranakun da zai lissafa: Mayun 1953, 1966, Oktoban 1991, da bam ɗin tashar motar New Road a Maris ɗin 2013. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Littafin Yunusa bai ce Nineba ba ta yi laifi ba. Tambayarsa ita ce ko mai azumi zai iya jure ganin an ji ƙan wanda ya riga ya yanke wa hukunci. Masu sira sun ruwaito cewa a ranar Ɗa'ifa, bayan jifa da kora, wanda ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi wani bawa ne Kirista mai suna Addas, mutumin Nineba. Baƙon gari ne ya yi alherin da 'yan gari suka kasa.

Ishaya kuwa kasuwa yake nufa kai tsaye. Ma'aikatan da ya ambata suna nan a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari: ɗan dako da ake yi wa ƙwauron ladansa, yaron shago da ya shekara bakwai yana jiran sallama, mai gadin da albashinsa ya maƙale. Kowace shekara ana kukan tashin farashin sukari da gero da shinkafa a gabanin azumi, kuma masu ɗaga farashin ba daga wata duniya suke zuwa ba. Al'umma na iya sa ido a kan mai ci da rana, domin laifinsa a fili yake. Mai tauye mudu da bakinsa a bushe ya fi wuyar kamawa, shi ne kuma waƙar ta sa a gaba. Musulmi ba ya buƙatar aro a nan. Hadisi ya faɗa cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya da buƙatar barin cinsa da shansa, an kuma rufe Ramadan da zakkar fid da kai. Mishna ma ta ce ranar ba ta kankare abin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi yafiyarsa, daidai da abin da malamanmu ke faɗa game da haƙƙin bawa.

Adabin Hausa ma ya san wannan dabara ta sanya mai tsawa a cikin ibada. Tashe na farawa ne bayan goma ga Ramadan, yara da samari su bi gida-gida suna kwaikwayon marowaci da malalaci da mai son banza, jama'a na dariya alhali da su ake. Bambancin shi ne tashe a titi yake, da dare, bayan an sha ruwa, ana iya sallamarsa da 'yan kuɗi. Yahudawa kuwa a tsakiyar ibada suka tsayar da mai sukar, a lokacin da ba mai iya tashi ya fita.

Kammalawa

Wasu kan karanta Ishaya 58 su ce ta soke azumi ta maye gurbinsa da taimakon jama'a. Tarihin nassin ya ƙaryata wannan fahimta, domin malaman da suka zaɓe shi su ne suka ƙididdige hane-hanen ranar dalla-dalla, kuma surar kanta da kiyaye Asabar ta ƙare. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da za a karanta wannan sura ga ƙosassu, da ta zama lacca kawai. Yunwar mai sauraro ce ke ba ta haƙora, don a wannan sa'a jikinsa na fassara masa kalmar da bai sani ba sai a ƙamus. A ma'aunin adabi, Ishaya ya fi ƙarfin murya da tsarin hujja, Yunusa ya fi zurfin dabara, saboda ya san inda zai yi shiru. Haɗa su a wuni ɗaya ya sa kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa: na hantsi ya tambayi mai azumi yadda ya bi da wanda ke ƙarƙashinsa, na la'asar ya tambaye shi abin da yake fata ga wanda ke ƙetaren titi. A gari irin Kano, inda azumi biyu kan haɗu a layin kasuwa ɗaya, waɗannan tambayoyi na jiran kowa a ƙofar shagonsa.